Abun da na koya a wajen saƙar bakin duma kafin in ajiye aikin

Tunda na bar wajen ake ta tambayata wai me ya faru, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ku da muka zauna benci ɗaya kun san halin oga, in oda ta shigo baya ji baya gani.

Babbar odar nan ta goruna masu saƙaƙƙen baki ita ta raba mu. Duman da aka kawo bai gama bushewa ba, kana ɗagawa zaka ji nauyi, in ka girgiza kuma baka jin 'ya'yan suna kaɗawa a ciki, alhali duma sai yayi watanni yana shan iska kafin ɓawonsa yayi taurin da zai ɗauki huji. Na faɗa mishi, na ƙara da cewa wasu ma ɓawonsu ba kauri. Buɗar bakinsa sai cewa yayi in ban iya ba ince ban iya ba. Haka muka yanke baki muka fafe muka kankare totuwa aka hau huda, nan ma wai a matso da ramukan dab da baki don layin farko na saƙa ya rufe su, ni kuma a iya sanina rami sai ya ja baya kamar rabin santimita ko fiye, tazarar kuma ta zama ɗaya, saboda duk ƙarfin jan zaren a kan ɗan wannan ɓawon yake sauka.

Sai maganar kaba. Ana jiƙa ta ne don tayi laushi kar ta karye wajen lanƙwasa, amma sai an tsane ta tukunna. Shi ko yace a saƙa haka tana ɗigar ruwa, wai ba lokaci. To jiƙaƙƙiyar kaba a kumbure take, tana bushewa zata motse, ɗinkin da ka ja tam ya koma yana rawa. Kuma hakan akayi wlh. Saƙa ta saki, fumfuna ta fito a ƙarƙashinta, wasu gorunan suka tsage daga rami zuwa rami. Da kwastoma ya dawo da kayan, a gabansa oga ya nuna ni yace yaron nan ne baya jin magana, ƙarshen wata kuma aka zabge min kuɗi. Ba wanda yayi tari a cikinku, ba komai, nasan kowa na tsoron bakin abincinsa.

Sauran ƙa'idojin aikin kam kun san su. Ku dinga rufe hanci in kuna kankare ciki, ƙurar nan da fumfuna ba ƙaramar illa suke wa ƙirji ba. Zare a goga masa kakin zuma. A gama rini da zane kafin a fara saƙa. In saƙar sama da ƙasa ce da zare ɗaya mai zagayawa, ƙafafun, wato tsayayyun zaruruwan da mai zagayawar ke bi sama da ƙasansu, yawansu ya zama mara ba cika ba, in ba haka ba layi na biyu kan na farko zai hau.

Sannan duk wanda ya ƙirƙiro sabon salo ya ɗau hotonsa a waya kafin ya bar hannunsa. Wancan naɗin mai hawa uku da ake ta yabon oga a kai, wanda har yanzu shi ake fara nuna wa baƙi, ku tambaye shi ya zauna ya saƙa muku guda ɗaya a gabanku.