Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Agara Ta Tsayar da Ni

A makon jiya na tsaya ne a inda mai horar da mu ya sanya sunana cikin mutum biyar da ƙungiyarmu za ta fitar a gasar gudun fanfalaki ta kan titi, wadda ake shiryawa sau ɗaya a shekara a yankinmu. Tsawon gasar rabin na gudun yada ƙanin wani ne, wato kilomita 21 da mita 97 da rabi. A shekarar da ta gabaci wannan na zo na 14, na kammala cikin awa ɗaya da minti 17, alhali mutum goma na farko kaɗai ake kira a ba su lambar yabo. Tsakanina da wanda ya zo na goma bai kai minti uku ba, kuma waɗannan mintuna ukun su ne suka zauna mini a rai shekara guda cur.

Saura mako goma a yi gasar na yanke wa kaina hukuncin da ban shawarci kowa a kansa ba. A lokacin ina gudun kimanin kilomita 60 a mako, bisa tsarin da mai horar da mu ya rubuta mini da hannunsa. Dattijo ne da ya yi gudu a zamanin ƙuruciyarsa, dukkanmu kuma Baba muke kiransa. Dokarsa ita ce wadda masu gudun nesa suka daɗe suna faɗa wa juna: kada abin da za ka ƙara a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi a makon baya. Ni kuwa cikin mako uku na tashi daga kilomita 60 zuwa kusan 100, domin bayan atisayen asuba da muke yi tare, sai na riƙa fita ni kaɗai da yamma ina hawa wani tudu ina saukowa. A cikin kwanakin ne kuma na sauya takalmi, na koma wani marar nauyi wanda dunduniyarsa ta fi ta tsohon yin ƙasa. Ban gaya wa Baba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Alamar farko ta zo mini ne da safe, a takun farko bayan na sauko daga gado. Bayan ƙafata ta dama, ɗan sama da dunduniya, ya ƙage kamar an ɗaure shi da igiya, sai na yi taku goma ko ashirin ina ɗingishi kafin ya saki. Idan na fara gudu zafin yakan bi ni kilomita ɗaya ko biyu, daga nan ya ɓace ɗungum, in gama atisayena lafiya lau. Wannan ɓacewar ita ce ta yaudare ni. Na ɗauka ciwon da gudu ke korewa ba ciwo ba ne, ban san cewa haka ciwon agara yake a farkonsa ba: jijiyar takan yi laushi idan jiki ya ɗumama, sannan ta biya mutum da tsami washegari. Mai gudun nesa ya saba da wahala har ta zame masa abokiyar zama, ƙirji ya yi zafi, cinyoyi su yi nauyi, kuma duk horon da ake ba shi na koyon jure wannan ne. Abin da ba a cika koya masa ba shi ne yadda zai rarrabe zafin gajiya, wanda ke mamaye jiki ko'ina ya wuce da hutu, da zafin rauni, wanda ke zaune wuri ɗaya har mutum ya iya nuna shi da yatsa.

Ranar gasar na haɗiyi ƙwayoyin rage raɗaɗi guda biyu kafin a tashi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa laifi biyu na yi a lokaci ɗaya, domin irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe saƙon da jiki ke aikowa, sannan suna takura wa ƙoda a lokacin da gumi ya riga ya rage ruwan jiki. An busa usur muka tashi, na manne wa rukuni na biyu, mu shida, muna cin kowace kilomita cikin minti uku da rabi. Har kilomita ta goma ban ji komai ba, numfashina a daidai yake, kuma da na ƙirga waɗanda ke gabanmu na ga idan na riƙe wannan rukuni to gurbi na takwas ko na tara nawa ne. Ban taɓa jin daɗin gudu kamar yadda na ji a waɗannan mintuna talatin da biyar ba, kuma har yau ba na musun hakan.

A kilomita ta 14 titin ya fara hawa. A nan ne na ji kamar an soka mini tsinke mai zafi a bayan ƙafa, kowane taku kuma sai ya ƙara shiga. Na gajarta takuna, na karkata nauyina zuwa ƙafar hagu, rukunin ya fara yi mini nisa. Baba yana tsaye a wajen shan ruwa na kilomita ta 16, kuma tun daga nesa ya gane, domin mutumin da ya shekara biyar yana kallon gudunka ba ya buƙatar ka yi masa bayani. Ya shigo bakin titi yana ɗaga hannu yana cewa, "Ɗana, tsaya! Fito haka nan, akwai wata shekarar." Na kawar da kai kamar ban ji ba, na wuce shi.

Abin da ke cikin kaina a wannan lokaci labarin John Stephen Akhwari ne, ɗan ƙasar Tanzaniya da ya faɗi ya ji mummunan rauni a gwiwa a gudun yada ƙanin wani na gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, amma ya ɗaure ƙafar ya ci gaba, ya shigo filin wasa a matsayin na ƙarshe, fiye da awa ɗaya bayan Mamo Wolde na Habasha ya lashe gasar. Tun ina yaro nake jin wannan labari, na kuma ɗauke shi a matsayin ma'aunin jarumtar mai gudu. Da shi na ja ƙafata kilomita biyar ɗin da suka rage. Na ƙetare layin ƙarshe a matsayi na 31, na zauna a gefen titi, da na cire takalmin kuma na kasa mayar da shi saboda kumburi.

Kwana biyu bayan haka Baba ya raka ni asibiti, sashen gashin ƙashi. Likitar ta sa na kwanta rub da ciki, ƙafafuna suna reto a bakin gado, ta matse tsokar sharaɓata da hannu. Tafin ƙafar ya motsa, sai ta ce alhamdu lillahi jijiyar ba ta tsinke ba, domin da ta tsinke da ƙafar ba za ta amsa ba. Hoton da aka ɗauka ya nuna agarar ta yi kauri, zarenta ya hargitse a wani wuri. Ta yi mini bayanin da na so a ce na ji shi wata uku kafin wannan rana. Agara ita ce jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam, ita ke haɗa tsokar sharaɓa da ƙashin dunduniya, kuma a kowane taku na gudu tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikin mutum sau da yawa. Sai dai akwai wani yanki nata, daga santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, da jini ba ya isa sosai, saboda haka a nan ta fi samun rauni, a nan kuma ta fi jinkirin warkewa. Zuciya da huhu da tsoka suna saurin sabawa da ƙarin atisaye cikin 'yan makonni, ita kuwa jijiya watanni take buƙata. Ke nan ƙirjina ya shirya wa kilomita 100 a mako, agarata kuwa tana nan a kan 60.

Na roƙe ta ta yi mini allurar kashe kumburi da na ji wasu 'yan wasa suna yi. Ta ce, "Malam, wannan allurar za ta ɗauke maka zafin na ɗan lokaci, amma tana raunana jijiyar, kuma tana iya kai ta ga tsinkewa. Idan ta tsinke, maganar tiyata ake yi da watanni masu yawa." A maimakon haka ta ɗora ni a kan wani motsa jiki da wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Hakan Alfredson ya bayyana a 1998. Mutum zai tsaya a bakin matakala da gaban tafin ƙafarsa, ya yi ɗage da taimakon lafiyayyar ƙafar, sannan ya sauke dunduniyar mai ciwon a hankali har ta gangara ƙasa da matakalar. Sau 15 ake yi har zagaye uku gwiwa a miƙe, a sake zagaye uku gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, wato sau 180 a kowace rana, har tsawon mako 12. Ta gargaɗe ni cewa zan ji ɗan zafi a lokacin da nake yi kuma hakan ba laifi ba ne, abin lura shi ne yadda ƙafar za ta kwana: idan tsamin safiya ya ƙaru, to na wuce gona da iri.

Ciwon ƙafar bai wahalar da ni kamar zaman ba. Shekara bakwai ke nan jikina ya saba tashi kafin gari ya waye, sai ga shi ina farkawa a daidai lokacin, in zauna a bakin gado ba ni da inda za ni. Na zama mai saurin fushi a gida, barcina ya lalace, na daina amsa kiran abokan gudu domin ba na son jin lokacin da kowa ya yi a atisaye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hassadar da na tsinci kaina a ciki game da wani ƙaramin yaro a ƙungiyarmu, wanda ni na koya masa yadda ake raba ƙarfi a gudun nesa, shi ne kuma ya zo na tara a wannan gasa. An ba ni izinin tuƙa keke da ninƙaya domin kada numfashina ya zube, na kuwa yi su, amma wanda ya saba jin ƙafarsa tana dukan ƙasa ya san ba ɗaya ba ne.

A mako na biyar Baba ya zo duba ni. Bai yi mini faɗa a kan atisayen da na ɓoye masa ba, ko da yake a lokacin ya riga ya sani. Na gaya masa cewa labarin Akhwari ne ya hana ni tsayawa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya tambaye ni ko na san wanda ya fice daga wannan gasar ta 1968 tun ba a kai rabin tafiya ba. Na ce ban sani ba. Ya ce Abebe Bikila ne, mutumin da ya lashe zinare a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake lashewa a Tokiyo a 1964 makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ciki. Ciwon ƙafa ya kama shi a Meziko, ya fita daga titi ya tsaya, kuma babu wanda ya isa ya kira shi rago. "Ɗana," in ji Baba, "su biyun a titi ɗaya suka yi gudu a rana ɗaya. Kai labarin ɗaya kawai aka ba ka." Ya ƙara da cewa Akhwari ƙasarsa yake wakilta a gasar da ake yi sau ɗaya a shekara huɗu, ni kuwa gasar da na lalata ƙafata a kanta za a sake yin ta baɗi a kan titin nan dai.

Kafin ya tafi ya ajiye mini agogonsa na auna lokaci, ya ce daga gobe in riƙa zuwa fili ina riƙe wa yara lokaci. Na je ba da son raina ba. Amma tsayuwa a gefen fili ta nuna mini abin da ban taɓa gani ba ina cikin gudu: wanda ke jefa ƙafa gaba fiye da kima, wanda kafaɗunsa ke ɗagewa idan ya gaji, wanda ke fifita ƙafa ɗaya a kan ɗaya. A mako na takwas na lura wata yarinya tana ɗan ɗingishi a zagayen farko sannan ta warware, na kira ta gefe na tambaye ta yadda takunta na farko yake da safe. Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Yaya, wa ya gaya maka?" A ranar Baba ya rage mata atisaye da rabi.

Da mako na 12 ya cika, likitar ta sa na yi ɗage a kan ƙafar dama ita kaɗai sau ashirin, na yi tsalle a kanta sau goma, ban ji komai ba. Ta ba ni izinin komawa, amma bisa sharaɗi: gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, sau takwas, a kan ciyawa, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta, kuma da tsohon takalmina. Washegari da asuba na je fili, na miƙa wa Baba agogonsa, ya danna shi ya ce in tafi. Minti ɗayan nan ya ƙare tun ban gama jin daɗinsa ba, na ji muryarsa daga bayana yana cewa in tsaya, na kuwa tsaya.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda na koma cikakken atisaye, da saɓanin da ya shiga tsakanina da Baba a lokacin da aka buɗe rajistar gasar shekara ta gaba.