Sana'ar garin zogala da kayan shayi a Maraɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana yawan tambayata a WhatsApp wai Hajiya ke kayan miya kike saidawa ko magani, to gaskiya kayan kicin ne nike saidawa, sai dai kusan duk abin da ke cikin shagona iyayenmu sun daɗe suna gyara jikinsu da shi tun kafin a san farmasi. Ƙaramin waje gareni nan Maraɗi, ɗaki guda da rumfar shanya da ɗan injin niƙa, sai 'yan mata masu kama min aiki. Muna yin garin zogala, garin kuka, busasshen zoɓo, citta, kanumfari, tafarnuwa, tsamiya, hulba, habbatus sauda da zuma.

Zogala daga Jiratawa nike samunta, can wajen masu noman rani, kuma sammako ake yi don in rana ta ɗaga ganyen ya fara laushi cikin buhu ya ɗau zafi. Tafarnuwa ta Agadas na fi so, ƙanana ce amma ƙamshinta ya fi. Citta kuwa daga kudancin Kaduna take fitowa wajen Kaciya ta biyo Jibiya da Ɗan Isa, shi ya sa 2023 ta ba mu wuya ƙwarai, cuta ta faɗa ma gonakin citta can, ga iyaka an rufe bayan juyin mulkin watan Yuli, kuɗinta ya yi tashin da har sai da na rage girman leda na kuma gaya ma masu saye dalili, don ban yarda in haɗa ta da garin masara kamar yadda wasu sunka yi ba.

Mutane na ɗauka aikin shi ne sanin wane ganye ke maganin mi. Wallahi wannan kowace tsohuwa a unguwa ta sani. Aikin gaske yana wajen shanya. Zogala in ta zo sai a tsige ta daga itacen, a tsince rawayen ganye da ƙwari, a wanke da ruwa mai tsabta a tsane, sannan a baza ta sama-sama bisa raga cikin inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba kuma ba a ƙasa inda kaji da awaki ke bi ba. Rana tana cinye korenta da wani ɓangare na amfaninta, shi ya sa za ki ga gari a kasuwa ya yi fari-fari kamar toka, wannan an gasa shi a rana ne. Ana juya ta da hannu safe da yamma. Ni yadda nike gane ta yi, in na damƙi ganyen na murza a tafin hannu ya yi ƙaras ya farfashe to ta bushe, in ya lanƙwashe ko ya manne sai a ƙara mata lokaci. Daga nan niƙa, tankaɗe, a zuba a leda a liƙe a rubuta ranar da anka yi.

Watan Agusta ne ke ba mu tsoro, laima ta yi yawa kaya ba su bushewa da wuri sai fumfuna ta kama, kuma abin da ya yi fumfuna zubarwa ake ko na jikka nawa ne, don irin wannan yana iya illata hanta, ba wai a kakkaɓe a niƙa a ce ai ba a gani ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsala, dole a rufe shanya da yadi mai shara-shara.

Ciniki ya fi tafiya lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, kowa mura da tari da kaushin maƙoshi. Haɗin da ya fi fita shi ne citta da kanumfari, a tafasa a sauke a bari ya ɗan huce sannan a matsa lemun tsami a sa zuma. Yana ɗumama jiki yana sassauta maƙoshi, citta kuma tana kwantar da tashin zuciya. Mai cushewar ciki nikan ce ya jiƙa tsamiya ya sha, ya yawaita miyar kuka da kuɓewa da ruwa. Mai ciwon haƙori ya ɗora ƙwayar kanumfari a wajen zai samu sauƙi na ɗan lokaci, amma ramin da ke haƙorin yana nan sai an je an duba. Garin zogala masu jego ne ke saye da iyayen yara, cokali ƙarami cikin kunu in yaro ya wuce wata 6, kafin nan nono kaɗai, ba ruwa ba bauri.

Zoɓo ana cewa yana sauke hawan jini, kuma yana ɗan taimakawa, amma ba wanda anka cika ma sukari ba, kuma ba dalili ba ne na aje ƙwayar da lokotoro ya rubuta. Wani dattijo ya taɓa zuwa ya ce min ɗiyata ki ba ni tafarnuwa da zoɓo na gaji da haɗiyar ƙwaya, na ce Baba zan ba ka amma don Allah ka ci gaba da maganinka kuma ka gaya ma likitanka kana sha, don tafarnuwa mai yawa ma ba ta jituwa da magungunan tsinka jini.

Akwai abubuwan da ba na wasa da su ko da mutum zai yi fushi ya tafi. Uwa ta zo da damina ta ce yaro jikinshi zafi rau a ba ta tazargade ko ganyen bedi, ba ni ba ta, sai in ce ta wuce likita a yi mishi gwajin zazzaɓin sauro yau ba gobe ba, cutar nan tana kada yaro cikin ɗan lokaci kuma mu nan Maraɗi mun ga haka da idonmu. Yaro mai zawo kafin a kai shi a dama mishi ruwan gishiri da sukari, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a dinga ba shi kaɗan-kaɗan. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba ko ɗigo. Kunun kanwa na masu jego ma ina cewa a sassauta hannu, kanwa in ta yi yawa tana wahalar da zuciya. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu yawo da lasifika a kasuwa da gora guda wai tana maganin basir da shawara da ciwon suga da rashin haihuwa duk gaba ɗaya, talaka ya ba da kuɗin cefanenshi ya koma gida ciwo na cin shi, mu kuma masu sana'ar tsakani da Allah a dinga yi mana kallo ɗaya da su.

Zuma ita ce ta fi wuyar sha'ani don algus ya yi yawa, ana dafa sukari a haɗa. Gwajin ashana da na ɗiga ta a ruwa duk ba abin dogaro ba ne, kuma in ta daskare lokacin sanyi ba shi ke nuna jabu ce ba, ta gaske ma tana yi. Ni wajen masu amya na ƙauyukan Madarunfa nike saye waɗanda na san su na san gidajensu, in ba su da ita sai in ce ma mai saye babu.

Riba ba ta da yawa, kuɗin leda da na mota da wutar da ke ɗaukewa ana tsakar niƙa duk suna cinye ta, amma alhamdulillahi ana rufa asiri kuma 'yan matan da ke wajena suna samun na sabulu. Yanzu adashi nike zubi don in sayi akwatin busar da ganye mai aiki da zafin rana wanda ke rufe ruf, in Allah ya yarda damina mai zuwa mu daina asarar zogala, sannan da kaka in sayi zoɓo da tsamiya da yawa tun suna araha in aje.