Yadda muka yi shirin jarrabawar Suleja da Ummi

Makarantar yara masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja, a jihar Neja, an buɗe ta ne a 1990, zamanin mulkin Babangida. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta, daban da wadda ake yi don sauran kwalejojin tarayya, kuma akwai ƙa'idar shekaru: wanda ya haura 11 ba ya ciki. 'Yata Ummi tana aji shida na firamare, shekararta 10, hedimastansu ya ce in yi mata rajista.

Lissafi da Turanci ba su ba mu wahala ba, malamanta sun yi aikinsu. Inda gizo ke saƙa shi ne tambayoyin gwajin basira, waɗanda ba su da wani darasi da za a ce a haddace. A ba yaro 3 da 4 a gefe, 12 a tsakiya. 5 da 6, 30 a tsakiya. Sannan 7 da gurbi, 56 a tsakiya, a ce ya cike. Yaranmu kuwa sun saba da hadda, boko da Islamiyya duka, da sun ga tambayar da ba a taɓa biya musu ba sai jikinsu ya yi sanyi.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne na daina tambayarta amsa, na koma tambayarta hanya. In ta ce 8, sai in ce, "Ta yaya kika gano?" Na kuma bar ta ta yi bayanin da Hausa. A nan na gane sau da yawa ta san abin, Turancin umarnin ne ke rikita ta. Wata rana ma ta kawo hanyar da ta fi tawa gajarta, ta ce, "Abba, ai kai zagaye kake yi." Gaskiya ta faɗa.

Maƙwabcina ya sa ɗansa lesin har dare, Asabar da Lahadi ma babu hutu. Ban ga laifinsa ba, guraben kaɗan ne, masu nema daga kowace jiha. Ni dai rabin awa bayan sallar isha'i muke yi, in ta fara hamma mu rufe littafi. Kakarta, wadda aka sa mata sunanta, ita ke yi mata kacici-kacici, ni kuma na koya mata dara. Ba zan ce su suka yi aikin ba, amma sun saba mata da zama a kan abu mai ɗaure kai ba tare da kuka ba.

Akwai ƙananan abubuwan da iyaye ke rainawa. Cike gurbin amsa da fensir ba tare da tsallake layi ba sai an koya. Layi ɗaya ya goce, duk na ƙasa sun tafi. Haka barin tambaya mai wuya a wuce gaba. Ummi ta tsani wannan, gani take kamar an kayar da ita, sai da muka riƙa ajiye agogo a gabanta muna yin tsofaffin takardun jarrabawa.

Ban taɓa ce mata jarrabawar masu ƙwaƙwalwa ce ba, kuma na roƙi 'yan gida kada su faɗa. Yarinya 'yar shekara 10 in ta ji haka, ta zo ba ta samu ba, abin da za ta ɗauka a ranta ya fi rashin gurbin nauyi. Na dai ce mata makarantar kwana ce mai kyau, za mu gwada, akwai kuma wasu biyu da muka cike mata.