Yau Inna ta hau ruwa

Asabar da dare, Istanbul.

Ƙafafuna zogi suke yi, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan. Yau Inna ta shiga jirgin ruwa. Rabonta da hawa ruwa tun kafin a haife ni, tun ranar da kwalekwale ya kife da ƙanenta a Yawuri suna dawowa daga cin kasuwa. Ko gada za a haye da ita a mota, rufe ido take yi tana salati har sai an wuce.

Babban ɗana da ke karatu a garin nan shi ya kawo shawarar. Mun isa tashar jiragen ruwa ta Eminonu bayan la'asar, wurin ba masaka tsinke. Masu fatsa sun yi layi a kan gadar Galata, ga ƙamshin gasasshen kifin da ake cusawa cikin burodi, jirage na shiga suna fita suna busa. Inna ta ja ta tsaya. "Ku je abinku, zan jira ku a masallaci." Abban yara ya yi shiru, ka san suruki. Jikan ne ya kama hannunta: "Haba uwargida, maigidanki na tsaye za ki ji tsoro?" Ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Mutum nawa yake ɗauka? Wa ke ƙirgawa?" Ya nuna mata ma'aikacin da ke bakin ƙofa yana karɓar tikiti, ya ce akwai rigunan kariya a ciki. Ta ce sai ta gani da idonta. Ta karanta bismillahi majreha wa mursaha, ta saka ƙafar dama. Da aka nuna mata rigunan sai da ta matsa ɗaya da yatsa, sannan ta zauna can tsakiya, nesa da taga.

Tambayarta ta tsaya mini a rai. A gida ana loda kwalekwale da mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa taɓa baki, a tashi da duhu ba fitila, ba riga ko ɗaya. In ya kife a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ganganci ma gaskiya ne, kuma shi ya ci kawuna.

Jirgi ya kama hanyar Bosforus, mashigin da ya raba garin biyu, Turai a hagunmu, Asiya a dama. Auta ta sayi simit, burodin nan mai kama da awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, tana gutsurawa tana jefa wa tsuntsayen teku, suna cafewa tun bai kai ruwa ba. Mun wuce fadar Dolmabahce, muka wuce ɗan masallacin Ortakoy da ke bakin ruwa, sai ga mu ƙarƙashin babbar gadar da aka buɗe a 1973, motoci can sama kamar tururuwa.

Wani dattijo ya zagayo da shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu. Na karɓar wa Inna. Hannunta na rawa, cokali na ta ƙara a jikin kofin, sukari ko narkewa bai yi ba. Na dafa gwiwarta, ban ce komai ba.

Kusa da gada ta biyu ruwan ya matse, faɗinsa bai fi mita 700 ba. Nan ɗana ya nuna ganuwar Rumeli, ya ce Sarki Muhammadul Fatih ne ya gina ta a 1452 cikin wata huɗu da 'yan kwanaki don ya tare jiragen da ke kawo wa birnin agaji daga Baƙin Teku, shekara na zagayowa ya ci garin. Jin sunan nan Inna ta ɗago. Ta san shi daga karatun malaminsu na Islamiyya. "Nan ne?" Ta miƙe da kanta, ta dafa kujera ɗaya bayan ɗaya har bakin taga. Ba ta sake komawa tsakiya ba.

A hanyar dawowa rana ta faɗi bayan masallacin Sulaimaniyya, hasumiyoyinsa huɗu sun yi baƙi cikin jan sama. Sai kiran sallar magariba ya tashi daga Uskudar da ke gefen Asiya, gefen Turai ya amsa, ladan na bin ladan ta saman ruwa. Inna tana amsawa a hankali, hawaye na bin kuncinta. Da aka gama ta ɗaga hannu ta ambaci sunan ƙanenta. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai yau.

Mun sauka muka yi sallah a masallacin Yeni da ke daura da tashar, wanda suke kira sabo alhali ya haura shekara 350. A tasi Inna ta ba mu labarin ƙanen nata: ya iya iyo fiye da kowa a unguwarsu, yara biyu ya fitar ranar, ya koma ɗauko na uku.

Yanzu tana barci. Tikitin jirgin na gani ta ƙulle a bakin mayafinta, inda take ƙulle kuɗin sadaka.