Filtar mai, ga ɗan Damagaram da ya sauka Kano da mota

Abin da ya fi ci mini rai a zaman Kano shi ne gareji. Da bakanike ya ji harshenka na Damagaram, ko ya hango lambar Nijar a bayan motarka, kuɗin aiki ya tashi. Wani ma sai ya zare tsohuwar filta ya hura mata iska ya mayar, ya ce an gyara. A gida da kunya, don ko bai san ka ba ya san mahaifinka. Nan kuwa wa za ka kai wa ƙara? Shi ya sa duk ɗan'uwan da ya zo nake ce masa ya koyi canza filtar mai, wato ta fetur, da hannunsa.

Alamarta ba ta ɓuya. Mota ta tashi lafiya, amma da ka taka totur a hawan gada sai ta riƙa fizga kamar mai shaƙuwa. Man jarka na 'yan bumburutu, da tsatsar tanki, da ƙurar hunturu, duk can suke taruwa.

Fara sanin inda take. A Golf 3 tana ƙarƙashin mota kusa da tanki, tiyo biyu da kilif, sukundireba ya ishe ka. A Corolla ta 2003 zuwa sama tana cikin tanki tare da famfon mai, wannan bar wa masu shi. Wadda ke buƙatar natsuwa ita ce ta Camry, 1997 zuwa 2001, da ke ɗakin inji gefen direba. Ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka sayi sabuwa a kwalinta, ka buɗe a gaban mai shago ka ga washa biyu na ciki. Ana sayen kayan Beljiyam, amma ban da filta, don dattin wani za ka saya.

A fili ake aikin, inji a huce, nesa da murhu da janareta, yara su matsa. A Camry, ɗaga kujerar baya ka zare filogin famfon mai, ka tayar da mota har ta mutu da kanta. Wanda ya tsallake wannan, fetur zai feso masa a ido, don bututun a matse yake ko mota na kashe. Sannan ka buɗe murfin tanki, ka kwance kan batir mai alamar ragi da sifana 10, ka shimfiɗa tsumma ka kara gwangwani.

Mahaɗin filtar Camry na sama noti ne mai rami, sifana 17, washa ɗaya a samansa ɗaya a ƙasa. Na ƙasa shi ne mai rigima, 14 ne kuma ƙarfensa da taushi. Riƙe jikin filtar da 19, ka kama notin da sifanar bututu mai tsaga. Sifana ta yau da kullum tana cinye masa kusurwa, daga nan kuma ka koma hannun wanda kake gudu. Wajen mayarwa ka fara ɗaura na ƙasa da yatsu kafin ka ƙulle filtar a mazauninta, in ba haka ba zaren ya hau a karkace. Tsohuwar washa ta riga ta lotse, kada ka mayar. Ta Golf akwai kibiya a jiki, ta kalli inji.

Mayar da filogi da batir. Za ta ɗan ja kafin ta kama. Bar ta tana aiki, ka goga busasshen tsumma a mahaɗa biyun. In ya jiƙe, kashe nan take.

Da daɗi mutum ya wanke hannu bai roƙi kowa ba, sai dai nan ba mai miƙo maka sifana, ba mai hura shayi a gefe. Can gida ƙannena ne ke da wannan aiki, su taru su huɗu kan motar Baba, Inna na faɗa daga ciki a kan warin fetur. Motar tasa ma ta fara fizga a hanyar Matamaye. Na saya masa filta zan ba direban da ke bi ta Daura. Ku gaya wa Auta kada ya taɓa notin ƙasa sai ya aro sifana mai tsaga.