Injin fotokofi mai zurfin ciki

Ban cika shekara biyu a shagon maigidana ba lokacin da ya fara tura ni aiki ni kaɗai. Kafin nan aikina ɗaukar jaka ne, da ɗura tona, da goge gilashi, sai zaro takarda idan ta maƙale a hita, wato sashen da ke gasa tona a kan takarda. Wata Talata ce cikin watan Afrilu, ana zuba rana irin ta Kano, aka bugo waya daga wani ofishin lauyoyi da ke wajen Zoo Road. Injinsu ya ƙi tashi, ga takardun da za a shigar kotu washegari. Maigida yana Sabon Gari wajen wani aikin, sai ya ce, "Je ka duba. In ya fi ƙarfinka ka kira ni." Na tari adaidaita sahu ina jin kaina cikakken injiniya.

Injin babba ne, ɗan Beljiyam, irin wanda ke kwafi da firintin da sikanin duk a jiki ɗaya. Idan ka kunna shi fitila za ta kawo, tambarin kamfani ya fito a fuskarsa, sai ya tsaya cak kamar an kafe shi. Can bayan 'yan mintuna ya rubuto wata lamba. Da na ɗauki lambar nan na duba littafin gyara, da magana ta ƙare a nan. Amma ga Barista tsaye a kaina, ga sakatariyarsa, ga masu jiran takardu, sai na ga buɗe littafi a gaban jama'a zubar da girma ne. Na zagaya injin sau biyu, na shinshina bayansa, na ce, "Yallaɓai, bod ne ya ƙone. Kun san halin wutar nan." Da na faɗi kuɗin bod, wato babban allon lantarkin inji, sai da ya cire tabarau ya sake kallona.

Allah ya taimake ni bai biya nan take ba. Ya ce a jira maigida.

Bayan la'asar maigida ya iso. Bai kwance komai ba. Ya sa aka kashe fanka, ya kunna injin, ya durƙusa ya kara kunnensa a murfin baya. Sai ya yafito ni. "Zo ka saurara." Na kasa kunne, sai ga wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, ta yi shiru, ta sake dawowa. Ya ce, "Ka ji? Had-dis ne ke neman hanya bai samu ba." A gaban mutane iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran sai da muka fito, kuma ban ga amfanin maimaita shi a nan ba.

Na sha ganin had-dis a bayan inji, wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, sak irin na laftof, amma ban taɓa tambayar me yake yi a wurin ba. A tunanina fotokofi madubi ne: ya ga takarda, ya fito da irinta, ya manta. Tsofaffin injinan da na tashi na gani a shagunan bakin jami'a haka suke, duk kwafi ɗaya sai fitila ta sake bi ta kan takardar. Na zamani kuwa sau ɗaya yake kallo. Ya ɗauki hoton shafin, ya ajiye a had-dis, daga nan yake ɗebowa ya buga kwafi hamsin ko ɗari. Shi ya sa zai iya haɗa maka takarda mai shafi arba'in kashi goma, kowane kashi a jere. A nan yake tara ayyukan da kwamfutocin ofis suka turo suna jiran layi. A injina da yawa nan kundin adireshi yake, da lambobin sirrin ma'aikata, da akwatin ajiya inda sakatare ke adana fom da takardar kan ofis don kada kullum a sake sikanin. Wasu samfuran ma har manhajar da ke tada injin a ciki take zaune, don haka idan had-dis ya mutu injin ko gaisuwa ba zai amsa ba. Irin wannan ne na ofishin Barista.

Lambar da na raina kuwa kowane kamfani da tasa. A Canon, E602 maganar had-dis take yi. A Ricoh sai ka ga SC860, ko SC863 da makwabtanta. Yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan kawo su.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci a ranar shi ne tambayar maigida: me ya kashe shi? Ni da na ce kawai tsufa ne, kuma akwai gaskiya a ciki, don injin da ya yi shekaru yana aiki a Turai kafin a loda shi a kwantena ya sauka Legas, ya hau tirela ya sha gargada har Kano, ba yaro ba ne. Cikin had-dis faifai ne ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a irin waɗannan ƙananan, da wata allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa da kaurin gashi ba ta kai ba. Abu mai irin wannan laushi, jijjiga da zafi duk suna rage masa kwana. Mutane kan ce ƙurar hunturu ce ke shiga cikinsa. Ba haka take ɓarnarta ba, don a rufe yake ruf. Fankokin inji da ƙofofin iska take toshewa, sai zafi ya taru a ciki, idan bazara ta zo ta tarar da aiki ya yi nisa. Da muka buɗe bayan injin nan, ƙurar da ke kan fankarsa ta isa a shuka gyaɗa.

Duk da haka maigida bai gamsu ba. Ya tambayi wanda ke rufe ofis da yamma. Aka kira masinja, wani dattijo mai farin gemu. "Baba, in za ku tashi yaya kuke kashe injin nan?" Baba ya nuna soket ɗin bango da alfaharinsa. Kullum sai ya kashe daga can, ya zare filogi, saboda an taɓa yin wata wuta mai ƙarfi da ta ƙona musu firij. Ga kuma ɗauke wuta sau uku sau huɗu a yini, a tada janareta, a juya layi, injin yana tsakiyar aiki ya mutu ya farfaɗo. Ba UPS, na'urar da ke riƙe wuta da batir idan an ɗauke, sai wata tsohuwar sitabilaiza da ba ta riƙe wuta ko na daƙiƙa ɗaya.

Inji irin wannan yana da ladabin kashewa. Ka danna makunninsa, ka jira ya gama rubuta abin da yake rubutawa, fuskarsa ta yi duhu, sannan ka taɓa bango. Idan ka yanke masa wuta yana cikin rubutu, abin da yake rubutawa ya lalace, kuma in aka yi rashin sa'a ɓarnar ta faɗa kan manhajarsa. Ni dai har yau ban ga laifin Baba ba. Kare dukiyar ofis yake yi da iyakar saninsa, kuma mu da muka sha zuwa ɗura tona a wurin babu wanda ya taɓa tsayawa minti biyu ya nuna masa.

Kashegari aka ba ni kuɗin sabon had-dis na nufi Beirut Road. Nan ne na yi abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin. Wani mai teburi ya nuna min wanda aka ciro daga laftof, girma ɗaya, bakin jonawa ma iri ɗaya, wanda ake kira SATA, kuɗinsa wajen rabin na sabo. Ya jona a kwamfuta ya nuna min yana buɗewa. Na saya, na soke canjin a aljihu, na ce wa zuciyata ai kuɗin mota ne. Muka ɗaura, maigida ya yi fomatin, ya loda manhaja daga laftof ɗinsa, inji ya tashi, kowa ya yi hamdala. Sati uku ba su cika ba lambar nan ta dawo. Araha ba ta ado. Da maigida ya zaro shi ya karanta shekarar da ke jikin takardarsa, sai ya miƙo min ba tare da ya ce uffan ba. Na biyun daga kuɗina aka saya, kuma wata guda ina tafiya shago a ƙafa daga Fagge.

Daga baya na koyi cewa had-dis yana riƙe da lissafin lafiyarsa, awa nawa ya yi yana aiki, gurbi nawa ya lalace a faifansa, kuma akwai manhajojin kyauta da ke karanto wannan cikin minti ɗaya. Buɗewa a kwamfuta ba shaidar lafiya ba ce. Na kuma koyi cewa ba kowane inji ne ke karɓar baƙo ba. Wasu suna kulle had-dis ɗinsu da mabuɗin da ke ajiye a bod, ka ciro na wani injin ka sa, su ƙi shi. Masu sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai irin ta filas, a madadinsa suna ƙaruwa, tunda shi ba faifai ba allura, amma ni sai na tabbatar samfurin yana karɓa nake sawa.

Inji ya tashi, amma ya tashi ba ya tuna kowa. Adireshin imel na duk waɗanda ake tura wa sikanin, lambobin ma'aikata, fom-fom ɗin da sakatariya ta tara shekara da shekaru a akwatin ajiya, duk sun tafi. Ta dube ni ta ce, "Malam, yanzu duk sai na sake?" Na ce sai haƙuri, Hajiya. Kwana biyu tana shigar da adireshi da yatsa ɗaya a fuskar inji. Abin haushin shi ne yawancin injinan nan suna ba da damar kwafe kundin adireshi zuwa filas ko katin memori, aikin da bai fi minti biyar ba, amma sai inji na da rai ake yin sa.

Saura mataccen had-dis na asali. Na jefa shi a jakata tare da tsofaffin rola da giya, da niyyar in haɗa wa 'yan gwangwan. Ya fi wata a ciki. Ranar da maigida ya gan shi yana neman sukuddireba, ransa ya ɓaci fiye da ranar da na soke canji, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai.

"Na wane ne wannan?"

"Na ofishin Barista ne, Oga. Ai ya mutu."

"A wurin inji ya mutu. Ka tabbata ya mutu a wurin mai nema?"

Sai ya zaunar da ni. Abin da inji ya ce ya goge, sau da yawa sunansa kawai ya cire daga lissafi, hoton yana nan kwance har sai wani ya hau kansa. Had-dis ɗin da ya kasa tada inji, mai kayan aiki zai iya tatsar abubuwa daga cikinsa. Ka tuna me ke bi ta kan gilashin ofishin lauya: takardun gado, shaidar mallakar fili, takardar saki, bayanan banki, fasfo, katin ɗan ƙasa. Asirin gidaje nawa ne a Kano nake yawo da shi cikin jaka, ina ajiye ta a ƙofar masallaci da teburin mai shayi?

Ba tsoratarwa ce kawai ba. A 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injina huɗu daga wani sito a jihar New Jersey, aka ciro had-dis ɗinsu. Aka samu takardun 'yan sandan birnin Buffalo, da takardun albashin wani kamfanin gine-gine, da bayanan rashin lafiyar mutane daga wani kamfanin inshorar lafiya na New York. A 2013 kamfanin inshorar ya biya gwamnati sama da dala miliyan 1.2 a kan wannan sakaci. Mu ma nan, tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Sai dai ofis nawa ne a garin nan, idan za su sayar da tsohon inji ko su mayar da na haya, suke tunawa da abin da ke bayansa? Mu kanmu mun taɓa sauke wani ɗan Beljiyam a shago, muka buɗe akwatin ajiyarsa muka tarar da wasiƙun wani ofis cikin harshen da ba mu iya karantawa ba, da sa hannu da hatimi. Manyan injina da dama suna da tsarin bi ta kan abin da aka goge su shafe shi, da na kulle bayanai, amma sau tari a kashe muke samunsu, don babu wanda ya san da su balle ya kunna.

Yanzu shekarata ta uku da buɗe nawa wurin, da yara biyu a hannuna. Duk injin da na karɓi kulawarsa, ranar farko nake kwafe kundin adireshinsa a filas in ba mai ofis, in bi fankokinsa da bulowa, in nemi wanda ke rufe ƙofa da yamma mu yi magana, ko da shugaban wurin bai samu lokacina ba. Maganar UPS kuwa ina yi, wasu su saya, wasu su ce sai an yi kasafi.

Shi kuwa wancan had-dis, a ranar maigida ya sa na koma Zoo Road da shi cikin ambulan. Barista ya juya shi a hannu, ya ce, "To ni me zan yi da wannan?" Na yi masa bayani gwargwadon yadda aka yi min. Ya yi shiru jim, sannan ya aika aka kira Baba, aka aro guduma da ƙusa 'yar inci shida wurin kafintan da ke bayan layi. A kan dakalin ƙofar ofis muka huda shi wuri huɗu, Barista na tsaye da rigar lauyoyi a kafaɗa, har sai da muka ji faifan ya ruguje yana kaca-kaca a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Baba ya kwashe ya zuba a leda, ya tambaye ni ko yanzu ya halatta a ba 'yan gwangwan.