Ruwan leda a filin Seyni Kountché

Yau na wuce ta bakin filin wasa na Seyni Kountché da ke Yamai, na tarar da wasu ɗaliban jami'a da tankin da suka ƙera, mai sanyaya ruwa da hasken rana, don a rage ledar da ƴan kallo ke zubarwa ranar babban wasa. Sai wata mai tallar ruwan dala biyar ta ce, "To ƴaƴana, ni kuma me zan ci?" Ba wanda ya yi musu. Wata ɗaliba ta durƙusa, ta ce, "Inna, faɗa mana yadda kike so." Nan take suka fara sauya zanen, ya zama ita ce za ta riƙe famfon tana karɓar kuɗi.

Yamai ta karɓi wasannin Francophonie, na ƙasashe masu magana da Faransanci, a 2005. Ina ganin in irin wannan taro ya sake zuwa, yaran nan ya kamata a fara kira.